A Cire Sunan Baba Shu'aibu Daga Allon Sakatariya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bayar da Kwangila na ƙaramar hukumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙo.

Ranka ya daɗe, sunana Yahuza Musa, amma a ƙasar Rano da Kibiya an fi sanina da Yahuza Mai Rijiya. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina haƙa rijiya ina zuba mata zoben kankare, ba ni da wata sana'a bayan wannan sai ɗan noman damina. Na zo ofishinka sau huɗu. Sau biyu aka ce kana taro, sau ɗaya aka ce ka shiga Kano, a na huɗun aka ce in rubuto. To, ga shi na rubuto. Na mai da ita buɗaɗɗiya ne saboda abin da ya same mu ma a buɗe aka manna shi, a allon sanarwa na ƙofar sakatariya, inda duk mai wucewa zai tsaya ya karanta.

A jikin allon nan akwai takarda mai sunaye uku, waɗanda kwamitinku ya hana neman kwangila har shekara biyu, wai saboda sun haɗa baki don su cuci hukuma. Sunan farko nawa ne. Na biyu na Lawan ne, abokin aikina da muka koyi sana'a tare. Na uku na maigidanmu ne, Baba Shu'aibu, dattijon da ya haura shekara saba'in, wanda ya koya mana haƙa. Nawa da na Lawan da sauƙi, muna da sauran ƙarfi, shekara biyu za ta wuce. Na Baba ne ya hana ni sukuni, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Tun da fari bari in faɗa: ba na zargin kowa a ofishinku da cin hanci. Ban ga wanda ya karɓi ko sisi ba, ba zan kuma ɗora wa mutum abin da ban gani ba. Ni dai kaina ne ya ɗaure. Wallahi har yau da nake rubutun nan ban gane a wane mataki muka yi laifin ba. Zan jera maka abin yadda ya faru, ko kai za ka nuna mini wurin.

1. Yadda aka fara.

Bayan girbin da ya wuce kuka manna sanarwa cewa za a haƙa rijiyar kankare a wata ruga ta Fulanin da suka daɗe da zama a gefen hanyar Kibiya, waɗanda yanzu suke noma suna kiwo. Na san wurin sarai. Idan bazara ta yi, matansu kan yi tafiya mai nisa kafin su samu ruwan sha, su da shanu a tafki ɗaya.

A da, idan irin wannan aiki ya taso, kansila ko mai unguwa ne kan aiko a kira Baba, a yi magana a zaure, a sa albarka. Yanzu aka ce an canja tsari: duk mai so ya sayi fom, ya rubuta kuɗin da zai yi aikin, ya rufe a ambulan, ya jefa a akwati, ranar buɗewa a karanta a gaban kowa. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Na ce yau ga ranar da wanda bai san kowa ba shi ma zai samu. Na yi rajistar 'yan kwangila, na nemo takardar haraji bayan zirga-zirga uku, na ɗauki hoto, na jefa ambulan ɗina.

Ranar buɗewa aka juye akwati, ambulan ɗaya ya faɗo, nawa. Ni a wauta tawa har na fara tunanin inda zan sayo sabuwar igiya. Sai magatakardan kwamiti, mutum mai fara'a, Allah ya saka masa, ya ja ni gefe ya ce ba a gasa da mutum ɗaya. Ƙa'ida ta ce sai an samu aƙalla uku, in ba haka ba a soke a sake sanarwa. Ya ce in koma in sanar da 'yan uwana masu sana'a su ma su shigo, don kada aikin ya sake faɗuwa. Na yi masa godiya, na ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta.

To, ranka ya daɗe, ga tambayata ta farko: su wane ne 'yan uwana masu sana'a? Ƙasarmu ƙasar dutse ce. Masu tona ramin shara suna da yawa, amma waɗanda za su ratsa marmara su kai ga ruwa, su zuba zobe ya zauna bai karkace ba, a iya sanina mu uku ne a wannan yanki, kuma duk daga gida ɗaya muka fito. Ban ƙirƙiro Lawan ba, ban ƙirƙiro Baba ba. An ce in kawo masu sana'a, na kawo waɗanda ke akwai.

2. Abin da fom ɗinku bai tambaya ba.

Fom ɗinku ya tambayi shekarun da mutum ya yi yana aiki da irin kayan aikin da yake da su. Bai tambayi a hannun wa ya koya ba, alhali a wajenmu wannan ita ce tambayar farko.

Ina da shekara goma sha bakwai aka kai ni wajen Baba Shu'aibu. Daga Madachi zuwa Yalwa har cikin ƙauyukan Kibiya, da wuya ka yi tafiyar awa guda ba ka sha ruwan rijiyar da ya sa wa hannu ba. Na yi shekara biyu ina jan guga ina zubar da ƙasa kafin ya yarda in sauka. Wata rana a wata rijiya mai zurfi iskar ƙasa ta ɓaci, numfashina ya ɗauke, ban ma samu damar girgiza igiya ba. Baba ne ya ji ƙarar diga ta tsaya, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauko da kansa, Lawan da mutanen gari suka jawo mu. Da na farfaɗo bai ce mini sannu ba, faɗa ya rufe ni da shi don ban saukar da fitila na gwada iska ba kafin in shiga. Irin mutumin ke nan.

A sana'armu akwai abin da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba. Idan maigida yana wuri, shi ke duba ƙasa, shi ke yanka kuɗi. Yaron da ya faɗi ƙasa da abin da maigidansa ya faɗa, ya ce wa duniya ke nan maigidansa macuci ne, yana ɗora wa mutane abin da bai kamata ba. Wanda ya faɗi sama kuwa, ko dai haɗama ce, ko yana nuna ya fi wanda ya koya masa sanin ƙasa. Duka biyun abin kunya ne, kuma wanda ya yi, ba zai sake samun mai riƙe masa igiya da zuciya ɗaya ba. Mu kuwa aikinmu, ranka ya daɗe, kana can ƙasa ne ranka yana hannun na sama.

Na san wannan ba doka ba ce. Ban ce ta fi taku ba. Na faɗa ne don ka san da wane irin kai muka shiga gasar.

3. Yadda muka rubuta kuɗin.

Wata Asabar da safe muka hau babura biyu mu uku muka je rugar. Arɗon wurin ya tarbe mu da ƙwaryar nono. Baba ya zaga filin a ƙafa yana dogara sanda, ya duba inda itatuwa suka fi kore, ya tsaya wajen wani suri ya daɗe, ya sa Lawan ya sara ƙasa a wuri uku, ya murza ta a hannu ya sansana. Sannan ya nuna wuri ya ce nan, gaba goma sha huɗu, za a haɗu da marmara wajen gaba ta shida. Gaba ita ce tsawon hannu biyu idan mutum ya buɗe su, da ita muke auna zurfi.

Daga nan muka biya Rano muka tambayi kuɗin siminti da rodi, muka tambayi masu kawo yashi da tsakuwa. Muka zauna a ƙofar gidan Baba ya haɗa komai, ya sa ladan aiki daidai yadda ya saba sa wa kowa, ya faɗi adadi. Ni da Lawan muka ce shi ke nan. Ba sai na maimaita adadin a nan ba, yana cikin fayil ɗinku har sau uku.

Takardunku da Turanci suke, ni kuma karatuna na boko bai wuce in karanta in gane rabi ba, don haka na kai duka ukun shagon wani mai kwamfuta ya buga mana. Da ya zo kan ta biyu ya ga kuɗin ɗaya ne, sai ya dube ni ya ce ko ya ɗan ƙara wani abu a ta Lawan da ta Baba, don kada su yi kama. Raina ya ɓaci. Na ce masa mu ba maƙaryata ba ne, rijiya ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, siminti kuɗinsa ɗaya ne, ta yaya kuɗin aiki zai zama uku? Ya ɗaga kafaɗa ya buga. Baba ba ya riƙe waya, sai na sa lambata a fom ɗinsa. Ambulan uku na saya a shago ɗaya, a ina kuma zan je in nemo wani iri? Baba ya sa hannu da ajami, na kai na jefa su duka rana ɗaya, don babur ɗina ne mai lafiya.

Abin da muka zata shi ne kwamiti zai duba mu ukun ya zaɓi wanda ya ga dama. Mu duk ɗaya ne a wajenmu. Ko wa aka ba, Baba ne zai zauna a bakin rami yana duba aiki, ni da Lawan mu riƙa karɓa-karɓa tsakanin ƙasa da igiya.

4. Ranar buɗe akwati.

Ranar Talata ce, ɗakin taro ya cika, domin akwai wasu ayyukan da za a buɗe. Ni kaɗai na zo a cikinmu, Lawan yana yasar wata rijiya, Baba kuma ƙafa ta matsa masa. Magatakarda ya buɗe tawa ya karanta. Ya buɗe ta Lawan ya karanta, ya ɗan dakata. Da ya karanta ta Baba sai ɗakin ya fashe da dariya. Injiniyanku ya dafe kai.

Abin kunya, ranka ya daɗe, ni ma murmushi na yi. Na ɗauka mamaki suke yi na yadda mutum uku suka yi gaskiya har bakinsu ya zo ɗaya. Har na gyara zama. Sai da na fito wani ɗan kwangilar gini da na sani ya kama hannuna ya ce Yahuza, kai kuwa wa ya aike ka, sannan na gane akwai matsala, ko da yake ban san wace iri ba.

Bayan mako uku aka miƙo mini takarda mai hujjoji huɗu: kuɗi iri ɗaya, bugun na'ura ɗaya, lambar waya ɗaya a fom biyu, kuma mutum ɗaya ya jefa ambulan ukun. Ban musa ko ɗaya ba. Duka gaskiya ne, kuma da an tambaye ni a ranar da na jefa su, da na faɗa da bakina, don ban san abin ɓoyewa ba ne. Amma ba wanda ya kira mu ya tambaya. Takarda kawai muka gani, washegari kuma aka manna sunayenmu.

5. Inda kaina ya ɗaure.

Na zauna da wani malamin makaranta maƙwabcina ya fassara mini ƙa'idar layi-layi. Na gane manufarta, kuma na yarda da ita. Kuɗin jama'a ne. Idan masu neman aiki suka haɗa kai a ɓoye suka tsuga kuɗi, talaka aka cuta, kuma ni ma talakan ne. Wannan ban da ja a kai.

Amma ga abin da na kasa warwarewa. Bayan abin ya faru, mutane da dama sun yi mini dariya sun ce ai ba haka ake yi ba. Wai abin da ya kamata shi ne in rubuta kuɗin gaskiya a tawa, in sa Lawan da Baba su rubuta sama da haka da gangan, don ni in ci. Wai har suna gare su, 'yan rakiya. Ban san ko gaskiya ne ana yin haka ba, ban kuma ce kwamitinku ya san da shi ba. Ina tambaya ne kawai. Da mun bi shawarar mai kwamfuta mun rubuta ƙarya biyu da gaskiya ɗaya, da takardunmu sun wuce lafiya? In haka ne, wanne ne haɗa bakin, wanda muka yi ko wanda muka ƙi yi? Na juya wannan tambaya ta kowace fuska, na tambayi malamin makarantar, shi ma ya ce sai dai in tambaye ku.

Sannan an rubuta cewa mun yi ne don mu cuci hukuma. To da nawa muka cuce ta? Ina roƙo injiniyanku ya ɗauko lissafinsa na rijiyar ya ajiye kusa da namu. Idan namu ya yi sama, a faɗa a bainar jama'a, zan sunkuyar da kai in karɓa. Har yau ba wanda ya ce mana kuɗinmu ya yi yawa. An dai ce ya yi kama.

Wani abin kuma: an ce dole mu zama uku, an kuma ce dole kada mu san abin da juna ya rubuta. A birni wataƙila wannan mai yiwuwa ne. A nan, ni da Lawan matanmu 'yan ɗaki ɗaya ne, siminti wajen mutum ɗaya muke saya, kuma hannu ɗaya ya koya mana auna ƙasa. Ko da an kulle mu a ɗaki uku daban-daban, ina tsammanin abin da za mu rubuta ba zai yi nisa da juna ba. To ya za mu yi? Ɗaya ya shiga biyu su zauna, a ce ba a cika uku ba a soke? Ko mu shiga duka a ce mun haɗa baki? Wace ƙofa ce aka bar mana a buɗe? Ba gatse nake yi ba, Allah ya sani, so nake in gane.

6. Abin da ya biyo baya.

Kun sake sanarwa karo na uku, kamfanoni daga birni suka shigo, ɗaya ya ci. Ba ni da magana a kan wannan, Allah ya sa masa albarka. Amma bayan kwana goma sai ga wakilin kamfanin a ƙofar gidana cikin mota, yana tambayar ina masu haƙan yankin nan, an ce masa sai mu. Yana so ni da Lawan mu yi masa haƙan, yana kuma so a kai shi wajen dattijon da aka ce ya san inda ruwa yake.

Na ce masa ya dakata, domin ban sani ba ko wanda aka hana neman kwangila an hana shi taɓa diga a aikin hukuma gaba ɗaya. Na tambaya a ofishinku, wani ya ce babu laifi, wani ya ce kada in kuskura. Ga bazara tana wucewa, kuma rijiyar da ba a haƙa ta lokacin da ruwa ya yi ƙasa ba, ƙarya take yi wa mai ita, da rani za ta ƙafe. Arɗo ya aiko sau biyu yana tambaya. Ban san abin da zan ce masa ba.

7. Baba.

Wannan ne ainihin abin da ya kawo ni, sauran duk shimfiɗa ce.

Baba ba ya karanta boko. Ranar kasuwar Kibiya wani ya tare shi ya ce ya ga sunansa a manne a sakatariya, bai ƙara da komai ba, ko don kunya ko don tsokana, oho. Baba ya dawo gida da murna. A tunaninsa hukuma ba ta manna sunan mutum sai don ta zaɓe shi ko ta yaba masa. Ya aiko aka kira ni ya ce ashe abin ya yi kyau ban faɗa masa ba. Ranka ya daɗe, na kasa faɗa masa gaskiya. Na ce masa ana nan ana kan magana. Wannan ita ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma na yi mako biyu ina ɗauke da ita.

A mako biyun nan ya faɗa wa abokan zamansa na ƙofar masallaci. Waɗanda suka san gaskiya suka riƙa sunkuyar da kai suna cewa ma sha Allah. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya ce in zo in ɗauke shi a babur ya je ya ga sunan da idonsa, ko da ba zai iya karantawa ba, a nuna masa layin. Kullum ina kawo dalili, yau taya ta yi faci, gobe ina da aiki. Matata ta ce mini in ban faɗa masa ba, wani yaro mara kunya zai faɗa masa a tsakiyar kasuwa, kuma wannan ya fi muni. Gaskiya ta faɗa.

Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na bi shi zaure, na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, tun daga dariyar ɗakin taro har zuwa kalmar da aka rubuta a kanmu. Na zata zai yi faɗa kamar yadda ya saba. Bai yi ba. Bai tambayi shekara nawa aka hana mu ba, bai tambayi wa aka ba aikin ba. Abu ɗaya ya tambaya: yaya aka rubuta sunan, Shu'aibu kawai, ko har da na mahaifinsa?

Fom ɗinku cikakken suna yake nema, kuma ni na faɗa wa mai kwamfuta shi da bakina. Na ce masa Shu'aibu Adamu aka rubuta. Ya ce har da Malam Adamu ke nan. Na ce har da shi. Ya gyaɗa kai, ya ce in tashi in je, rana ta yi.

Malam Adamu shi ya fara haƙa rijiya a gidansu, shi ya koya wa Baba, kuma tsofaffin yankin nan har yau suna faɗin cewa bai taɓa karɓar lada a rijiyar masallaci ba. Ni ban riske shi ba. Tun ranar Juma'ar nan Baba yana fita salla ya dawo, amma ya daina zama a ƙofar masallaci. Jiya na je gaishe shi aka ce yana ciki, ya ce a ce mini ya amsa. Ni na ɗauki hotonsa na kai, ni na ce masa ya sa hannu ba komai, taimakona zai yi. Ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Abin da nake roƙo.

Na ɗaya, a kira mu a saurare mu, ko na minti goma ne, a gaban kwamiti. Idan bayan an ji mu aka ga har yanzu mun yi laifi, a nuna mini matakin da ya kamata in taka daban, don in gane in kuma gaya wa na baya.

Na biyu, a fassara ƙa'idojin nan da Hausa, a karanta wa masu sana'a kafin su sayi fom, a kuma faɗa mana ƙarara abin da za a yi idan masu iya aiki a yanki ba su kai uku ba, ko sun kai amma gidansu ɗaya. Da an yi mana wannan tun farko, da ba mu kai nan ba.

Na uku, a ba ni amsa a rubuce ko ni da Lawan za mu iya yi wa kamfanin nan haƙa, don mutanen rugar su samu ruwa kafin damina ta sauka.

Na huɗu, wanda ya fi duka: a cire sunan Baba Shu'aibu daga allon nan. Bai nemi kwangilarku ba, ni na je na ɗauko shi. Idan dole sai an cika shekarun hukuncin, a ɗora mini nasa a kan nawa su zama huɗu, na yarda, zan sa hannu a gaban shaidu.

Idan kuwa doka ba ta ba ku ikon cire sunan Baba ba, to ina roƙonka don girman Allah, ka sa a ɗauki biro a goge rabinsa na biyu. Malam Adamu bai sayi fom ba, bai jefa ambulan a akwatinku ba. Ya rasu tun kafin a gina sakatariyar. A bar ni in koma zauren nan in ce wa Baba an cire na mahaifinsa, ko zai yarda ya fito in gaishe shi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya haɗa ka da mashawarta nagari, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya kare naka sunan da na iyayenka.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Yahuza Musa Mai Rijiya,
daga ƙasar Rano.